Nawa ake kashewa in yarinya ta shiga ƙungiyar 'yan mata ta jami'a a Amurka?

Maman Ummi, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san harkar jami'o'in Amurka ciki da waje ya taimaka min da bayani. Yarinyar wajena ta samu gurbin karatu a wata jami'ar jiha a kudancin Amurka, za ta tafi a watan Agusta in Allah ya yarda. Sun ba ta tallafin da ya ɗauke rabin kuɗin makaranta, sauran mu za mu biya. To yanzu ta zo min da maganar wai tana son shiga wata ƙungiya ta 'yan mata da suke kira sororiti, irin masu sunaye da haruffan Girka. Ta ce akwai kuɗin rajista da za a biya kafin ƙarshen watan gobe, kuma sai ta riga sauran ɗalibai isa makaranta da mako guda. Na duba takardar I-20, wadda jami'a ta turo don neman biza, mai ɗauke da lissafin kuɗin karatu, sama da ƙasa, ban ga an sa wannan kuɗi a ciki ba.

Tambayata ita ce, gaba ɗaya nawa abin yake ci? Sau ɗaya ake biya ko kowace shekara? Sannan don Allah a faɗa min gaskiya, ba ƙungiyar asiri ba ce irin wadda muke ji a jami'o'in nan?

Hajiya Rabi, Atlanta

Wa alaikumus salam Maman Ummi. Allah ya sa albarka a karatun, ya kai ta lafiya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don hankalinki ya kwanta. Ba irin ƙungiyoyin asirin da ake fama da su a jami'o'in Najeriya ba ne. Waɗannan a fili suke, jami'a ta san da zamansu, akwai ofishi guda a makaranta da ba shi da aiki sai sa musu ido, gidajensu kuma ga su nan a bakin titi da sunansu rubuce a jikin bango. Tsofaffi ne ƙwarai. Alpha Delta Pi tun 1851 aka kafa ta a garin Macon na jihar Jojiya. Guda 26 daga cikinsu suna ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902, kuma daga yadda kika kwatanta, su 'yarki take nufi. Abin da suke ɓoyewa shi ne bikin rantsar da sabuwar mamba da abin da ake faɗa a cikinsa.

Maganar kuɗi kuwa, babu farashi ɗaya, kuma abin da ke raba mai araha da mai tsada abu guda ne: gida. Kowace ƙungiya tana da rassa a jami'o'i daban-daban. Reshen da ba shi da gida, a ɗakin karatu yake taro, abin da mamba ke biya a zangon karatu guda 'yan ɗaruruwan daloli ne. Reshen da ke da katafaren gida mai kicin da kuku da masu shara da dattijuwa mai kula da gidan, dubbai ake biya kowane zango, ko da yarinya ba a ciki take kwana ba. Manyan jami'o'in jiha na kudu, inda kika ce za ta, su ne suka fi kowa irin waɗannan gidaje. A Jami'ar Alabama, inda sama da 'yan mata 2,000 ke shiga neman gurbi kowane Agusta, alƙaluman da majalisar ƙungiyoyin ta sha wallafawa a 'yan shekarun nan sun nuna matsakaicin kuɗin sabuwar mamba ya haura dala 4,000 a zangon farko kaɗai, mai kwana a gidan kuma ta haura dala 7,000 a zango. A zango fa, ba a shekara ba, kuma shekara zango biyu ce.

Ga yadda kuɗin ke zuwa bi da bi. Na farko shi ne na rajistar da ta gaya miki. Wannan na shiga makon tantancewa ne kawai, wato makon da ƙungiyoyin ke zaɓar sabbin mambobi, ba na zama mamba ba. A ƙananan makarantu 'yan gomomin daloli ne, a manya yakan wuce dala 300, kuma ba a mayar da shi, ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba. Tunda za ta riga kowa isa, wasu jami'o'in suna cajin kuɗin shiga ɗakin kwana da wuri, ki tambaya ko yana cikin kuɗin rajistar.

In an ɗauke ta, zangon farko shi ne mafi nauyi, domin a kansa ake lafta duk kuɗaɗen da ake biya sau ɗaya a rayuwa: kuɗin sabuwar mamba da ke tafiya hedikwatar ƙungiya, kuɗin rantsarwa, da kuɗin bajo, wato ɗan tambarin nan na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙirji. Bajon yana da daraja-daraja. Akwai na talaka mara ado, akwai na zinari mai lu'ulu'u da ke cin ɗaruruwa, kuma na talakan ya wadatar, babu dokar da ta ce sai mai ado. Inda akwai gida, a nan ne kuma ake karɓar kuɗin asusun gini.

Daga nan sai masu maimaituwa kowane zango har ta gama: kason hedikwata, kason reshe wanda da shi ake shirya taruka da bukukuwa, kason inshora, da ɗan kason majalisar ƙungiyoyi ta makaranta. Wadda ba a gidan take kwana ba tana biyan abin da suke kira kuɗin falo, wato ladan zama a falon da ɗakin karatun da wuta da intanet. Sai abinci, wanda shi ne babban kaso, kuma a gidaje da yawa dole ne. A nan iyaye ke biya sau biyu ba su sani ba. 'Yar shekarar farko tana ɗakin kwanan jami'a, jami'a ta wajabta mata sayen tsarin abincinta, ga na ƙungiya kuma an ɗora. Wasu jami'o'in suna yarda a sauko zuwa ƙaramin tsari in yarinya ta shiga ƙungiya, amma akwai ranar da ake rufe neman hakan, kuma ba a ko'ina ake yi mata kai tsaye ba. Kada kuma a soke na jami'ar gaba ɗaya, domin yawancin kicin ɗin gidajen nan daga Litinin zuwa abincin ranar Juma'a suke aiki, Asabar da Lahadi murhu a kashe.

Dalilin da ya sa ba ki gani a I-20 ba shi ne jami'a ba ta ɗauke shi cikin kuɗin karatu. Ƙungiyoyin masu zaman kansu ne, lissafinsu daban.

Malam Sani, Ohayo

Hajiya Rabi ta jero kuɗaɗen daidai. Ni kuma ina so in ja hankalinki, Maman Ummi, zuwa takardun da ake sa wa hannu, domin a nan mutane suka fi ƙonewa.

Abu na farko, yarinya ba ita kaɗai ke zaɓen gida ba. Makon tantancewar zagaye-zagaye ne. Ranar farko takan ziyarci duka gidajen, daga nan kowane dare ita ta jera waɗanda ta fi so, su ma gidajen su jera waɗanda suka fi so, kwamfuta ta haɗa jerin biyu, adadin gidajen da za ta koma ya yi ta raguwa har ya rage biyu a zagayen ƙarshe. Saboda haka ba za ta iya cewa ni mai araha zan shiga ba ta tabbata haka za a yi. Mai arahar na iya sakin ta tun kwana na biyu, ta wayi gari masu tsada ne kaɗai suka rage mata. Majalisar ƙungiyoyi ta kowace jami'a takan wallafa ɗan littafin jagora a shafinta, a ciki akwai mafi ƙarancin kuɗi, da matsakaici, da mafi yawa. Ku yi lissafinku da mafi yawan. Wanda ya yi da matsakaici ya yi caca.

A ɗaya daga cikin zagayen, kowane gida yana nuna wa 'yan matan takardar kuɗinsa dalla-dalla. Sai dai 'yan mintuna ne, cikin ɗaki mai cike da hayaniya da waƙe-waƙe, yarinya 'yar shekara 17 ko 18 tana tsaye da takalmi mai tsini hankalinta na kan yadda za ta burge. In an ba ta takardar ta tafi da ita, ta ɗauki hotonta ta turo miki a daren, kafin ta jera zaɓinta. In ba a bari a fita da ita, ta rubuta lambobi uku da zarar ta fito: na zangon farko, na mai kwana a waje, na mai kwana a ciki. Ta kuma tambaya baki da baki: me wannan kuɗi bai ƙunsa ba?

Abu na biyu, bayan zagayen ƙarshe akwai wata takarda da ake kira MRABA. Wadda ta sa hannu ta yi alkawarin karɓar duk gidan da ya faɗo mata cikin waɗanda ta rubuta. In washegari ta buɗe ambulan ta ga sunan gidan da ya fi ƙarfinku ta ce ta fasa, ba za a tilasta mata ba, amma ba ta da damar shiga wata daga cikin ƙungiyoyin nan a wannan jami'a sai babban makon tantancewa na gaba, wato bayan shekara. Haka in ta karɓa sannan ta fita kafin rantsarwa. In kuwa aka rantsar da ita, an rufe ƙofa ke nan: ba za ta taɓa shiga wata cikin sauran 25 ɗin ba har abada, ko da ta sauya jami'a. Tsakanin karɓar tayi da rantsarwa makonni ne, galibi shida zuwa goma. Wannan tsakani shi ne lokacin fita da ƙaramar asara, duk da cewa abin da aka riga aka biya ya tafi. Wadda kuma ta janye tun kafin ta sa hannu a takardar, tana da damar shiga ta ƙaramar ƙofa: rassan da ba su cika adadinsu ba sukan ci gaba da ɗaukar mambobi cikin zango, ba tare da makon hayaniya ba, kuma a nan yarinya tana iya zama ta tambayi kuɗi a tsanake.

Abu na uku, kuma mafi girma, yarjejeniyar gida. Rassa da yawa sun wajabta wa mamba ta kwana a gidan na shekara guda, galibi shekara ta biyu, saboda sai gadaje sun cika lissafin gidan ke fita. Yarjejeniyar ta shekara ce cur, ana sa hannu watanni kafin lokacin, sau da yawa kuma ana neman uwa ko uba su tsaya mata. In ta fita daga ƙungiya a tsakiyar shekara, za a iya cewa ta kwashe kayanta, kuɗin ɗakin kuma yana nan a wuyanku sai in an sami wadda za ta maye gadon. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yarinya ta kama haya a waje tare da ƙawaye tun watan Oktoba ko Nuwamba, domin a garuruwan jami'a da wuri ake kama hayar baɗi, sannan reshe ya ce sunanta ya fito a jerin masu shiga gida. Haya biyu ke nan a shekara ɗaya.

Yawancin rassa ta hannun kamfanonin karɓar kuɗi suke turo takardar biya, irin su OmegaFi da Greekbill da Billhighway. In an makara akwai tara, in da kati aka biya sukan ɗora wani kaso. In bashi ya daɗe, ana dakatar da mamba, daga baya a miƙa bashin ga kamfanin karɓo bashi, abin da ke ɓata wa mutum suna wajen neman haya ko rance a Amurka. A wasu jami'o'in ma ta asusun ɗalibi kuɗin ke bi, in ba a biya ba a hana ta rajistar darussan zango mai zuwa. Daina zuwa taro ba fita ba ne. Sai ta rubuta takardar ajiye mamba an amsa mata a rubuce, in ba haka ba lissafi na ci gaba da tafiya.

Zee

Mama, duk abin da su Hajiya suka faɗa yana rubuce a takarda. Akwai wanda ba a rubutawa, kuma shi ne ɗan hakin da ke tsone ido.

Kafin ma a fara, kowane zagaye na makon tantancewa yana da irin shigarsa, daga ta yau da kullum har zuwa ta dina. Tun 2021 da bidiyoyin 'yan matan Alabama suka cika TikTok suna nuna rigar yau da sarƙar yau, yara suka ɗauka sai da sabbin kaya masu tsada ake shiga. Ba doka ba ce. Kaya huɗu ko biyar masu tsafta daga akwatinta sun isa, da takalmi mara tsini a jaka saboda tafiya tsakanin gidaje cikin zafin Agusta. Akwai kuma masu sana'ar koya wa yarinya yadda za ta yi magana da shiga, suna karɓar ɗaruruwa har dubban daloli. Wannan kam a bar shi.

Bayan an shiga, anko ne zai cinye ta. Kowane taro da rigarsa mai tambari: ta ranar tayi, ta taron agaji, ta wasan ƙwallo, ta ranar iyaye. Kowace dala ashirin da wani abu, a ce ba dole ba ne, amma wadda ba ta saya ba ita kaɗai za ta fita daban a hoto. Akwai farar riga ta ranar rantsarwa. Akwai babbar dina, galibi sau ɗaya a shekara, da ƙananan bukukuwa a tsakani, kowanne da riga da gyaran gashi da kuɗin mota, wani lokaci da tikitin baƙon da ta gayyato. Kowace ƙungiya kuma tana da gidauniyar da take tara wa kuɗi, kamar yadda Tri Delta ke tara wa asibitin yara na St. Jude, Chi Omega kuma Make-A-Wish. A wasu rassan ana yanka wa kowace mamba adadin tikitin da za ta sayar, in ba ta sayar ba ta cika daga aljihunta. Yarinyar da ba ta da dangi a ƙasar, wa za ta sayar wa?

Sai shekara ta biyu, lokacin da za ta zama uwar ɗaki. Kowace sabuwar mamba ana haɗa ta da wata babba, kamar yadda ake yi a makarantun kwana. Mako guda cur uwar ɗakin tana ɓoye kanta tana aika kyauta: sabuwar ta dawo daga aji ta tarar da gadonta an shimfiɗa bargo mai haruffan ƙungiya, kwando cike da alewa da kofi da riguna, hotuna a bango, balo-balo har rufi. Duk daga aljihun uwar ɗakin, kuma yakan kai ɗaruruwan daloli, in tagwaye aka ba ta ya ninka. Hanyar ragewa ita ce kayan gado, wato abin da tata uwar ɗakin ta ba ta, ta adana ta miƙa gaba. Wasu rassan sun sa iyaka ga abin da za a kashe, ta tambaya.

Tara ma tana nan. Taron mako-mako dole ne, galibi daren Lahadi ko Litinin. Wanda ya fi zafi shi ne makon share fage kafin tantancewar sabbi: duk tsofaffin mambobi sai sun dawo makaranta tun farkon Agusta, kuma tarar kowace rana da aka rasa tana da nauyi. Ga ɗalibar da ke zuwa gida Najeriya hutu, ma'anarsa tikitin jirginta ya zama na ranar da ƙungiya ta yanka, ba na ranar da ya fi araha ba.

Maman Ummi, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kaina ya ɗau zafi amma gara da na ji yanzu. Yarinyar ta ambaci wai akwai ƙungiyoyin baƙar fata daban, ko su sun fi sauƙi? Sannan maganar addini fa, abinci da azumi da shiga, yaya ake yi?

Anti Hauwa, Merilan

Maman Ummi, akwai su, kuma tsarinsu daban ne gaba ɗaya. Guda huɗu ne na mata cikin ƙungiyoyi tara da ke ƙarƙashin National Pan-Hellenic Council, wadda aka kafa a 1930. Alpha Kappa Alpha a 1908, Delta Sigma Theta a 1913, Zeta Phi Beta a 1920, duka ukun a Jami'ar Howard da ke Washington, sai Sigma Gamma Rho a 1922 a Jami'ar Butler. Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce tun tana Howard.

Su ba sa ɗaukar wadda ta sauka daga jirgi jiya. Sai ta kammala aƙalla zango guda, wasu shekara guda, da matsakaicin makin jarrabawa da bai gaza 2.5 cikin 4 ba, wasu 2.75, da shaidar aikin taimakon al'umma da wasiƙun shaida. Ba kowane zango kuma reshe ke buɗe ƙofa ba. Al'adarsu ita ce mai sha'awa ta kama bakinta: ta riƙa halartar tarukansu na fili, ta bari a san fuskarta, ba ta bi gari tana shelar wadda take so ba. Saboda haka a wannan Agustan babu ko sisi da za ki biya a wannan ɓangare.

Sauƙi kuwa, a jimlar shekara huɗu galibi sun fi sauƙi, domin yawancin rassansu ba su da gida da kicin. Amma kuɗin shiga dunƙule yake zuwa. Yakan haura dala 1,000, wani wuri ya ninka haka, ana ba da 'yan kwanaki kacal, kuma yawanci da cekin banki ko takardar kuɗi ta gidan waya ake biya, babu biya kaɗan-kaɗan. Wadda kuɗinta ke Kaduna ana jiran canji, wa'adin zai wuce ta. Sai an ajiye kuɗin a asusunta na can tun kafin a buɗe. Bayan haka akwai jaket mai suna, da kayan ranar da ake fito da sabbi gaban jama'a, da tafiye-tafiyen taron shiyya da na ƙasa. Kuma mamba ce har tsufa, akwai rassan waɗanda suka gama karatu a birane, ana ci gaba da biya kowace shekara ga mai son ta ci gaba da aiki da su.

Gargaɗi guda da ya shafi kowane ɓangare: duk kuɗin da wata babba ta nema hannu da hannu ba rasit, ko aike, ko hana barci da sunan gwaji, cin zali ne, ƙungiyoyin da kansu sun haramta shi, doka ma ta haramta a mafi yawan jihohi. Tun Disambar 2024 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka samu da wannan laifi. Ki sa ta nemo shafin a jami'arta kafin ta zaɓi gida.

Maganar addini. Gidajen ƙungiyoyi 26 ɗin nan ba a shigar da giya cikinsu, ba a kuma sayen ta da kuɗin ƙungiya, maza ma falo ne iyakarsu. Amma bukukuwan da ake yi a waje, musamman na haɗin gwiwa da ƙungiyoyin samari, akwai giya da rawa, kuma kuɗinsu yana cikin kason reshe, ta je ko ba ta je ba. Kicin yakan iya ware mata abinci ba alade, naman halal kuwa da wuya. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin zangon Janairu zuwa Mayu, abincin rana na wata guda ta biya ba ta ci ba, na dare kuma ana iya rubuta suna a ajiye mata faranti a firji ta ɗumama bayan magariba. Bikin rantsarwar wasu ƙungiyoyin yana da addu'o'i ko nassoshi masu tushe a Kiristanci, tunda waɗanda suka kafa su Kiristoci ne. Ba za su karanta mata abin da ke ciki ba, amma tana da haƙƙin tambayar mai kula da sabbin mambobi ko akwai abin da ya shafi ibada, kuma ta yi tambayar kafin ta biya kuɗin rantsarwa.

Akwai na Musulmi ma: Gamma Gamma Chi da aka kafa a 2005, da Mu Delta Alpha da ta fara a Jami'ar Texas ta Dallas a 2016. Rassansu kaɗan ne, ba lallai a samu a makarantarta ba. Abin da kusan kowace babbar jami'a ke da shi shi ne ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗaliban Afirka, kuɗin shigarsu kuma ko kyauta ko abin da bai taka kara ya karya ba.

Baban Khalil, Kano

Maman Ummi, ga lissafi a misali, ki sauya lambobin da na jami'arta. A ɗauka gida ne irin na manyan jami'o'in kudu: zangon farko 4,000, zango biyu na kwana a ciki 7,500 kowanne, sauran zango biyar 3,500 kowanne. Jimla dala 36,500 a shekara huɗu, ban da anko da kyaututtuka. Adalci shi ne ki cire abin da dama za a kashe a ɗaki da abinci, domin shekarar kwana a gidan wani lokaci ba ta fi ɗakin jami'a tsada ba, wani wuri ma ta fi araha. Zango biyar ɗin nan na waje su ne ainihin ƙarin, tunda haya tana nan daban. Reshe mara gida kuma, a ce 900 a zangon farko da 500 sau bakwai, dala 4,400 ke nan. Kin ga tazarar.

Kada a dogara da cewa za ta yi aiki ta biya. Mai bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 a mako aka yarda mata lokacin karatu, kuma cikin makaranta kawai. A mafi ƙarancin albashi na tarayya, dala 7.25 a awa, zango mai mako 15 zai ba ta 2,175. Ko dala 12 ake biyan ta, 3,600 ne kafin haraji, in har ta cika awannin ba fashi, ga karatu ga tarukan dole. Aiki a kicin ɗin gidan ƙungiya don a rage mata kuɗi kuma, kada ta taɓa sai ta tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin gidan sau da yawa ba mallakar jami'a ba ne, yana iya zama aikin waje a idon hukuma, wanda ke iya karya biza.

Tallafin da ta samu na kuɗin karatu ne, ba zai taɓa wannan ba, kuma yana da sharaɗin maki. Gidauniyoyin ƙungiyoyin suna ba da tallafi, amma galibi na karatu ne kuma ga wadda aka riga aka rantsar. Fom A da bankunan Najeriya ke tura kuɗin karatu ƙasashen waje da shi, takardar biyan makaranta yake bi, takardar kamfanin karɓar kuɗin ƙungiya ba ta cikin wannan layi. Kuma duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024 ya san alkawarin shekara huɗu da dala ba abin wasa ba ne. Ra'ayina ta bar shi.

Hajiya Rabi, Atlanta

Baban Khalil, lissafinka daidai ne, amma ban yarda a yanke hukunci kafin a ga takardar jami'ar ba. Yarinyar da ta sauka a garin da ba ta san kowa ba, samun 'yan uwa da abinci da wurin karatu da tsofaffin ɗalibai masu buɗe ƙofar aiki ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba kowane reshe ne Alabama ba.

Maman Ummi, abin da nake gani shi ne a tsallake wannan Agustan. Ta isa, ta gama zango guda, ku ga makinta da ainihin abin da take kashewa a wata. In har yanzu tana so, ta bi ta ƙaramar ƙofar da Malam Sani ya ambata a watan Janairu. Sai dai ta sani cewa a manyan jami'o'in kudu ba kowane gida ke da gurbi a lokacin ba, kuma 'yar shekara ta biyu ba ta kai sabuwa samun tayi ba a wasu wuraren, wannan shi ne abin da za a rasa.

Kafin wa'adin rajistar ya cika, ta aika wa ofishin kula da ƙungiyoyin imel ta nemi abu huɗu a rubuce: kuɗin kowane reshe na bana, waɗanne ne suka wajabta kwana a gida da abinci, ko ana yafe kuɗin rajista ga mai buƙata, domin wasu majalisun suna yi, da kuma rassa nawa suka ɗauki mambobi a watan Janairun da ya wuce. In shekarunta ba su kai 18 ba, ta faɗa musu a cikin saƙon, domin sa hannunki za a nema a takardun, ba nata kaɗai ba.